Zaman Baƙunta a Bakin Tafkin Kainji

Hayaƙin banda ne ya fara tarbata ranar da na sauka daga motar haya a wannan ƙauye da ke gaɓar gabas ta Tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Wara a kudancin Jihar Kebbi. La'asar ta yi sanyi, matan unguwar masunta sun jera kifi a kan waya, hayaƙin yana bin iska har bakin tasha, kuma kafin in kai masauki ya riga ya kama rigata da jakata. Ni haifaffen Fagge ne a birnin Kano, a can na yi karatu, a can na yi aure, kuma ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani kafin wannan rana shi ne na madatsar Tiga, wanda aka kai mu kallo muna 'yan makaranta. Aikin koyarwa ne ya kawo ni, kuma gaskiyar magana ita ce na zo da niyyar in yi shekara guda in nemi canjin wurin aiki. Yanzu ina cikin shekara ta uku, iyalina suna tare da ni, takardar neman canjin kuwa tana nan cikin akwati ban miƙa ta ba.

Makonnin farko dare ne ya fi ba ni wahala. Wanda ya tashi a Fagge ya saba da garin da ba ya barci: mai shayi yana nan har tsakar dare, 'yan adaidaita sahu suna kai-komo, kuma ko da mutum ba shi da inda za shi, ƙarar gari kanta tana ɗebe masa kewa. A nan da zarar an idar da sallar isha'i sai gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwaɗi da sauro, sai kuma ƙarar injin wani jirgi can nesa a tsakiyar ruwa. Wutar lantarki takan zo ta tafi yadda ta ga dama, abin da ya riƙa ba ni dariya da takaici a lokaci guda, domin ruwan da nake kallo ta taga shi ne yake juya injinan madatsar Kainji, waɗanda aka kafa da ƙarfin megawat 760 don su haskaka biranen ƙasar nan. Waya a shagon mai sola ake cajinta, kuma idan ina son magana da mahaifiyata ba tare da murya ta yanke ba, sai na hau wani tudu da ke bayan makaranta. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, mutum yakan saba da su cikin wata ɗaya ko biyu.

Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne mutane, ko kuma in ce halina a tsakanin mutane. A hanyata ta zuwa makaranta akwai wata majalisar dattawa a gindin wata tsamiya, kuma kullum da safe nakan wuce su da sauri in ɗaga hannu in yi sallama, kamar yadda duk wani mai tarbiyya zai yi a Kano idan ya makara. Bayan kamar mako biyu sai maigidan da ya ba ni haya, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya same ni da maraice ya zauna a bakin tabarmata, ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya ce: "Malam, mutanen tsamiya sun ce in tambaye ka, ko sun yi maka wani laifi ne?" Na rasa bakin magana. Ashe abin da ni na ɗauka gaisuwa ce, su a wurinsu shan ƙamshi ne. Gaisuwa a nan tana bukatar a tsaya, a cire takalmi idan akwai shimfiɗa, a rusuna, a tambayi kwana da gajiya da iyali, a tambayi ruwa idan mai su ne, a tambayi lambu idan mai albasa ne, sannan a saurari amsa. Daga ranar na ƙara minti goma sha biyar a kan lokacin fitata, kuma ban san wani abu da ya buɗe mini ƙofofin garin nan kamar waɗannan mintuna ba.

Hausar ma sai da na sake koyo. Tasu ta fi karkata ga ta Sakkwato da Kabi, inda za ka ji "lahiya lau" da "mi ya hwaru" da "wanga yaro", kuma yara sun daɗe suna kwaikwayon yadda nake magana idan sun ga na juya baya. Ranar da wani ya ce mini in same shi a kwata da asuba, na yi mamakin abin da zai kai mu mahauta da sassafe, domin a Kano kwata wurin yanka ne. A nan kuwa kwata ita ce bakin ruwa inda jirage ke tsayawa. Ban da Hausa akwai harsunan da ban taɓa ji ba sai da na zo. Ƙasar Yauri ta tara Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi, ga Fulani, ga Nufawa da Yarbawa masu fataucin kifi, kuma Hausa ce kasuwar da duk suke haɗuwa a cikinta. Mutumin birni yakan zaci ƙauye wuri ne na mutane iri ɗaya. Ajina mai ɗalibai arba'in da 'yan kai ya fi layinmu na Fagge yawan harsuna.

Da uwargida ta iso bayan wata shida, ita ma ta sha nata karatun. A gidan hayarmu na Kano za ta iya wuni ƙofa a rufe ba wanda ya ƙwanƙwasa. A nan sallama da shigowa tare suke zuwa, kuma kafin ta gama shanya kayan wanki maƙwabta sun san adadin zannuwanta. Idan na sayi nama a kasuwa, labarin yakan riga ni isa gida. Da farko ta ɗauki wannan a matsayin sa-ido, har ta yi kuka sau biyu ko uku tana cewa a mayar da ita gida. Amma mutanen da suka san abin da ka saya su ne kuma suka san ranar da ba ka sayi komai ba. Wani ƙarshen wata da albashi ya yi jinkiri, ba mu gaya wa kowa ba, sai ga kwanuka suna shigowa: wannan da tuwon shinkafa, wannan da ɗanyen kifi, wannan da albasa cike da ƙwarya. Matar Baba, wadda yanzu muke kira Inna, ita ce ta koya mata cewa ba a mayar da kwano fanko, ko da ƙuli-ƙuli ne sai an saka, kuma ita ce ta koya mata gyaran tarwaɗa da toka don a cire yauƙi. Ba zan ce rashin sirrin ya daina damunmu ba, har yanzu yana damunmu wani lokaci, sai dai mun daina ganinsa a matsayin ƙiyayya.

Ruwan kansa kuwa shi ne babban malamina, kuma a kansa na fi jin kunyar jahilcina. Na zo da tunanin cewa tafki yana cika da damina ya ragu da rani, kamar kududdufan Kano. Sai na ga akasin haka: a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ya sauka gonaki suka yi kore, tafkin yana can ƙasa, ya ja baya ya bar fili mai faɗi na laka, a tsakiyar hunturu kuwa, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus, yana cike har gindin gidaje. Masunta suka yi mini bayani cewa Kogin Kwara, wanda shi ne yake cika tafkin, yana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan damunar nan kusa ne da kogunan yankin irin su Gulbin Sakkwato ke zubowa, gurɓatacce da laka, shi ya sa yake fari-fari. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake isowa da hunturu, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu. Shi wannan ruwan damunar tsaunukan ƙasar Gini ne, wanda yake yin watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya biyo ta Nijar, ya iso mana garau, har ya yi duhu don tsabta. Daga nan sai a riƙa sakinsa ta madatsa ana samar da wuta, tafkin yana raguwa sannu a hankali har farin ruwa ya sake dawowa. Na karanta labarin ƙasa a makaranta, amma a bakin wani mai su da bai taɓa shiga aji ba na fara fahimtar cewa ruwan da ya sauka a Gini da damina shi ne nake alwala da shi a watan Janairu.

Rayuwar garin duka a kan wannan hawa da sauka take tafiya. Idan ruwa ya ja, manoma sukan bi shi su shuka a kan lakar da ya bari, Fulani kuma su gangaro da shanu don ciyawar burugu, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani da sai an kai gaban mai gari. Da rani lambunan albasa ne suke cin mutane, albasar da ta sa sunan Yauri ya kai har kasuwannin kudu. A da ƙwarya ake ɗiban ruwa a yi ban-ruwa, yanzu injin fetur ne, don haka tsadar mai takan shiga lambu kafin ta shiga mota. Rajistar ajina ma ruwa ne yake rubuta ta. Akwai makonnin da kashi ɗaya cikin uku na yaran ba sa zuwa, sun bi iyayensu su ko cirar albasa. A shekarar farko na yi ta faɗa da bulala, ban ga abin da ya canza ba. Daga baya na koma bin iyayen a kwata da yamma, muna daidaitawa a kan cewa yaro ya taimaka da asuba ya zo aji ko da a makare. Ban yarda da masu cewa a ƙyale su haka al'adarsu take ba, domin dattawan masuntan da kansu suna cewa kifi ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun farko na tafkin, kuma yaron da bai iya komai ba sai jefa birgi yana gadon sana'ar da take ƙanƙancewa.

Su kuma yaran sun rama a kaina ta wata hanyar. Ni a wurina kifi kifi ne, sai dai a ce ɗanye ko busasshe. Ranar da na nuna wani a faranti na ce tarwaɗa, ajin ya fashe da dariya, domin kurungu ne, mai ƙaya a baya wadda idan ta soki mutum sai ya kwana yana jin zafi. Suka ɗauke ni aiki: wannan karfasa, wannan ragon ruwa, wannan tsage mai haƙora kamar na kare, wannan bargi, wannan yauni mai tsada da ake kai wa manya, wannan kuma giwan ruwa, wanda babbansa sai mutum biyu sun ɗauka. Ga warangi, 'yan mitsi-mitsin da ake shanyawa a rana a auna da mudu. Na koyi bambancin kalli da ake shimfiɗawa a bari ya kwana, da birgi da ake jefawa, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, da gura da ake dasawa a ƙasan ruwa, da dala mai ƙananan idanu wadda take kwashe har 'ya'yan kifi, wadda kowa ya san ɓarnarta amma talauci ya hana a daina. Tun daga lokacin da na yarda su koya mini, sai na ga sun fi sauraro idan na tashi koya musu.

Akwai ɓangaren zaman nan da ba a sabawa da shi. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fasinjoji fiye da ƙima ya tarwatse a kusa da Wara, mutane masu yawa suka rasu, kuma har yau ba ka rasa gidan da zai ce maka akwai nasa ko na maƙwabcinsa a ciki. Dalilan kowa ya san su: tsofaffin jiragen katako, lodi ba iyaka, tafiyar dare, rashin rigar ruwa, da kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun farko, waɗanda suke tsaye a ƙarƙashin ruwa suna jiran jirgin da zai bi ta kansu. Ranar da na fara ƙetarewa zuwa wata kasuwa, na ga an ɗora buhuna da babura da awaki har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa, na ce a sauke ni, aka yi mini dariya, na sauka duk da haka. Daga baya na sayi rigunan ruwa huɗu a Yelwa, kuma ba na jin kunyar saka tawa ko da ni kaɗai ne mai ita a jirgi. Sauro kuma ba ya hutu a nan, zazzaɓi ya kwantar da kowannenmu fiye da sau ɗaya, kuma na hana yarana wanka a gefen ciyayi saboda tsargiya, wadda yara da yawa a garin suke fama da ita har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini kamar wani abu ne na girma. Ranar da ƙaramar 'yata ta yi zafin jiki da tsakar dare, babur ɗin maƙwabci ne ya kai mu inda za mu sami mota zuwa asibiti, kuma a kan hanyar nan na yi wa kaina alkawarin miƙa takardar canji da safe. Da ta warke muka dawo, na tarar rabin garin sun zo dubiya, har da mutanen tsamiya da sandunansu.

Abin da ya sauya yadda nake kallon zamana a nan ya faru ne wani dare na hunturu a shekarar farko. Kewar gida ta taso mini, na zauna ina yi wa Baba ƙorafi cewa shi ba zai gane ba, tunda yana zaune a garin da aka haife shi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, kai idan ka ga dama gobe ka shiga mota ka je ka ga ɗakin da aka haife ka. Ni nawa yana ƙarƙashin wancan ruwan."

Baba Bagunge ne. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, sun samo sunan da Hausawa ke kiransu da shi daga gungu, wato tsibiri, domin a tsibiran Kwara kakanninsu suka zauna shekaru aru-aru, suna noma da su, ruwa yana kare su daga mahara. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsibirai da ƙauyuka da gonaki. Fiye da mutum 40,000 aka tasa. Har tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, ya nutse, aka gina wa Bargawa sabuwar Bussa a kan tudu. Baba yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu aka kwaso su. Ya ce an gina musu gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, jere reras kamar bariki, kuma tsofaffi sun daɗe suna ƙin kwana a ciki saboda zafi, wasu suka gina bukkoki a tsakar gida suka bar wa awaki ɗakunan gwamnati. Sai a lokacin na gane ma'anar waɗancan tsofaffin gine-gine masu rufi kamar rabin ganga da nake wucewa kullum a tsohuwar unguwa. Ya ce ƙasar tudu ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba, kuma irin kamun kifin da suka iya na kogi mai gudu ne, don haka da tafki ya zo sai Sarkawa da sauran baƙi masu manyan komaye suka fi su cin moriyarsa.

Na ji kunya ƙwarai a daren nan. Ina ta ɗaukar kaina baƙo a tsakanin 'yan gari, ashe garin gaba ɗaya bai kai shekara sittin a wurin ba, kuma dattawan da nake wucewa a gindin tsamiya duk sun taɓa zama sababbin zuwa, ba kuma da son ransu ba. Ina jin wannan ne ya sa suke matsa wa baƙo da gaisuwa da kwano da tambaya: mutanen da aka raba da ƙasarsu, abin da suka iya ɗaukowa a jirgi shi ne junansu, kuma ba sa wasa da shi. Da na je kallon Rigata a Yelwa, bikin tseren jirage da wasannin ruwa da masarautar Yauri take shiryawa, na ga samarin Gungawa suna tuƙi da kiɗa da kirari, sai na kalle shi da wani ido daban da na sauran 'yan kallo da suka zo daga birane.

A watan Yulin da ya wuce, da ruwa ya yi ƙasa sosai, Baba ya ce in shirya zai kai ni wani wuri. Muka fita bayan sallar asuba a ƙaramin jirginsa, ni da shi da babban ɗana mai shekara tara, wanda yanzu yake cewa "lahiya lau" ba tare da ya san ya canza ba. Muka yi kusan awa guda muna tafiya, sannan ya kashe inji ya ɗauki filafili, yana duban wani dutse a gaɓar yamma da wani tudu a gabas, yana gyara tsayuwar jirgin har ya gamsu. Babu komai a wurin sai ruwa da kan wani baƙin kututture da ya ɗan leƙo. Ya nuna da filafilin ya ce nan ne masallaci, can rumbunan kakansa, wancan kututturen kuma ɗorawar ƙofar gidansu ce, kuma daga gindinta zuwa kabarin mahaifiyarsa taku arba'in ne. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, muka shafa tare.

Ɗana ya leƙa ruwan ya daɗe, sannan ya ce: "Kaka, in ruwan ya ƙara janyewa za mu ga gidan?" Baba ya ce tun da aka taso su bai taɓa janyewa har haka ba. Ya miƙa masa filafilin ya ce ya juya mu, rana ta fara zafi, kuma akwai kalli da ya shimfiɗa jiya da za mu duba a hanya.